Mai motar ya fasa tafiya: in soke hutun ko in tafi ni kaɗai?

Mai Aikin Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni ma'aikacin jinya ne, wata 7 ke nan ina aikin dare kusan babu sararawa. Da ƙyar na samu hutun kwana 4, daga Juma'a zuwa Litinin mai zuwa. Tun wata 2 da suka wuce muka shirya da aminina za mu je wani masauki a bakin tafki, shi zai ja mu a motarsa, don ni ban taɓa riƙe sitiyari ba. Jiya da daddare ya kira ni, an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ba zai iya matsawa ko nan da can ba. Allah ya ba ta lafiya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, da ni ne ma abin da zan yi ke nan.

Ɗakin mai gado 2 ne, na biya rabin kuɗi, kuma sharaɗinsu shi ne in na soke kafin awa 48 za su mayar mini da kuɗina, in ya wuce haka babu. Wato zuwa Laraba dole in yanke shawara. Na duba taswira, jirgin ƙasa yana kaiwa garin da ya fi kusa, tafiyar awa 3 da 'yan mintuna, amma daga tasha zuwa masaukin kilomita 18 ne, kuma ban ga alamar bas na bin hanyar ba.

Hutun ba ya ɗaguwa, an riga an fitar da jadawalin aiki. In na zauna a gida na san yadda za ta kaya: barci kwana 2, a rana ta 3 a kira ni in rufe gurbin wani. Ina so in ga ruwa, in yi tafiyar ƙafa da safe, in kwana inda ba a jin ƙarar na'ura. Amma ban taɓa tafiyar hutu ni kaɗai ba. Waɗanda suka saba, don Allah me kuka gani?

Uwar Tagwaye ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya ba mama lafiya. Ni ban taɓa mallakar mota ba, kuma na fi shekara 20 ina tafiye-tafiyena, don haka bari in gaya maka abin da na koya da wahala: marar mota daga dawowa yake fara lissafi. Zuwa ba shi ne matsala ba. Ka sauka a tashar jirgi, za ka tarar da masu tasi suna jiran fasinja, wani zai kai ka kilomita 18 ɗin nan. To ranar Litinin fa? Direbobi a cikin gari suke taruwa, inda fasinja yake. Ka buɗe manhajar kiran mota a bakin tafki, sai ta yi ta juyawa babu wanda ya karɓa, domin ba kowa zai yi doguwar tafiya da mota fanko ya ɗauki mutum 1 ba. Ya taɓa faruwa da ni. Na zauna a ƙofar wani masauki da jakata tun hantsi, ina ji ina gani jirgina ya wuce, sai da na sayi sabon tikiti na yamma.

Kada ka ce za ka taka. Mai lafiya yana cin kamar kilomita 5 a awa, kai da jaka a baya za ka doshi awa 4, a kan hanyar da ba ka sani ba.

Sannan masaukin da aka gina don masu mota komai nasa na masu mota ne. In ba sa dafa abincin dare, ko ka buƙaci kantin magani, duk sai an koma gari.

Ni dai shawarata ka soke tun kuɗinka bai maƙale ba. Bi layin jirgin nan a taswira tasha bayan tasha, ka nemi ƙaramin gari mai kogi ko tafki a gefensa, ka kama ɗaki wanda bai wuce tafiyar minti 15 ko 20 daga tasha ba. Ka ajiye jaka, ƙafarka ta ishe ka sauran. Kuma wajen dawowa kada ka ɗora ranka a kan jirgin ƙarshe, ka sayi na kafin shi, na ƙarshen ya zama madogara in wani abu ya gifta.

Tsohon Ma'aikacin Otal ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan dawowa, amma ban goyi bayan a soke kai tsaye ba. Malam, na yi shekara 9 a teburin karɓar baƙi, kuma na ga mutane da yawa sun soke ɗaki a kan abin da kiran waya na minti 5 zai warware. Ba kai ne baƙo na farko da zai zo musu babu mota ba. Masaukai da yawa na bayan gari suna da direban da suke kira, wasu ma motar da ke zuwa cefane ita ke ɗauko baƙo daga tasha, kawai ba sa rubutawa a shafinsu.

Ka kira da rana, lokacin da manaja yake nan, kada ka tsaya aika saƙo. Ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Ka tambaya ko za su mayar da kai ɗakin mutum 1, su lissafa abin da ka riga ka biya a ciki. Ka tambaya ko akwai mai ɗauko ka, in akwai ka karɓi lambarsa ka yi magana da shi da bakinka, ku tsayar da ranar dawowa da lokaci tun yanzu. Sai tambayar da nake ganin ta fi duka: ku ma'aikata da me kuke zuwa aiki? Mai shara da mai girki ba kowannensu ke da mota ba. In akwai wata ƙaramar bas da ba ta fito a taswira ba, su suka san lokacinta.

Abu biyu kan sokewa. Ka tabbatar daga wane ƙarfe ake ƙirga awa 48 ɗin, domin wasu daga lokacin shiga ɗaki suke lissafi, wasu daga tsakar dare, kuma bambancin ya isa ya cinye maka kuɗi. In kuma ta wani shafin intanet ka kama ɗakin, a can za ka soke, faɗa wa masaukin da baki bai wadatar ba. Ka ajiye saƙon shaida.

Ka lura kuma, yawanci sai ƙarfe 2 ko 3 na rana ake ba da ɗaki, a fita 11 ko 12. In ka iso da wuri za su ajiye maka jaka, ba abin kunya ba ne ka nema.

Ɗan Jakar Baya ya amsa:

Duk wanda ka zaɓa, sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida. GPS yana nuna inda kake ko babu data, sai dai taswirar da aka sauke hanyar mota kawai take zanawa, ba ta ba da ta ƙafa ko lokutan bas. Don haka ka ɗauki hoton jadawalin jirgi, ka duba na Asabar da Lahadi daban, ana yawan rage zirga-zirga a ranakun. Tikitinka a waya yake, to ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, ka rubuta lambar direba da ta masauki a takarda. Tsabar kuɗi kaɗan a aljihu. Jaka 1 ta goyo, ba akwati ba. Ka bar wa mutum 1 a gida sunan wurin da lokacin da zai ji daga gare ka kullum.

'Yar Sashen Haihuwa ta amsa:

Ɗan'uwa, aiki ɗaya muke yi, shi ya sa zan taɓo abin da ba a taɓo ba. Bayan wata 7 na dare jikinka bai san an ba ka hutu ba. Daren farko ƙarfe 3 za ka farka idonka tar, ka ji yunwa, kowa na barci. Da kuna tare da abokinka da sauƙi. Ni a tafiyata ta farko ni kaɗai wannan lokacin ne ya fi mini nauyi, har na yi tunanin haɗa kaya. Abin da ya taimake ni, na daina faɗa da shi. Na tanadi abin taɓawa a ɗaki, da littafi, in gari ya waye in fita in sha hasken safiya, shi ke jawo agogon jiki ya dawo. Dare na 2 na yi barci har asuba.

Kada ka cika ranakun da shiri. Abu 1 a rana ya isa. Kuma ina ganin kwana 2 ya fi maka 3, ka dawo Lahadi, Litinin ta zama taka a gida kafin ka koma bakin aiki. Ni ina tare da masu cewa ka tafi, ko ina ne.

Mai Aikin Dare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira su yau bayan na tashi daga barci, kamar yadda Malam ya ce. Matar da ta ɗauka ta saurare ni da kyau. Suna da direba, amma Asabar da Lahadi ba ya aiki, bas ɗin ma'aikata kuma sau 1 take wucewa, da asuba. Abincin dare sai an kai baƙi 4 suke dafawa, kuma ba ta da tabbacin za a kai. Da na ji haka sai maganar Hajiya ta dawo mini. Na soke, saƙon shaida ya shigo, ashe ma daga tsakar dare suke ƙirgawa, da na jira Laraba da rana da kuɗin sun tafi. Ta ce in muka shirya zuwa da abokina nan gaba in kira ta kai tsaye.

Na bi layin jirgin, tasha 2 kafin wancan garin akwai wani ƙarami da kogi ya ratsa, da hanyar ƙafa a gefen ruwan. Na samu ɗakin mutum 1, minti 12 daga tasha. Kwana 2 na kama, Juma'a da Asabar. Ranar Lahadi jirgi 3 ne kawai ke dawowa, na sayi na tsakiya. Alhamis da yamma zan biya asibiti in duba mama kafin in haɗa jaka.

Saura abu 1, 'yar'uwa. Aikina na ƙarshe yana ƙarewa Juma'a ƙarfe 7 na safe. In wuce tasha kai tsaye in kama jirgin 9 in yi barci a hanya, ko in koma gida in runtsa in bi na ƙarfe 2? Tsorona kada barci ya kwashe ni in wuce tashata.