Zoɓo bayan atisaye mai tsanani: me kuka gani a jikinku?

Mai ɗaga ƙarfe, Kara-Kara: Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk ranar da na ƙara nauyi, sai jibi cinyoyina su ƙage, ko sujada da ƙyar. Wani ya ce in riƙa shan zoɓo. Akwai wanda ya gwada?

Ɗan kokowa, Mirriya: Mu tun tuni. Lokacin shirin gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa a Nijar, zoɓo da tsamiya ne a tulu, wani lokaci a dama garin 'ya'yan kuka. Ciwon bai fasa zuwa, amma bai kwantar da ni kamar da.

Malamar jinya, Birni: Ƙanena, ciwon jibin nan sananne ne, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. In tsoka ta yi aiki mai yawa tana cin iskar oksijin ninki-ninki, sai wasu ƙwayoyi masu ɓarna su yawaita, su riƙa gurzar ƙwayoyin halitta. Jan launin zoɓo daga sinadarin antosiyanin yake, shi da bitamin C na kuka da lemun tsami suna kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi masu ɓarna. Gwaje-gwajen da aka yi da ruwan rumman da na ceri sun nuna sauƙi, amma ɗan kaɗan.

Inda nake jan kunne shi ne ƙwayoyin famasi. A 2009 wani bincike a Jamus ya nuna cewa bitamin C miligiram 1000 kullum, haɗe da bitamin E, ya toshe wani ɓangare na amfanin atisaye. Ashe 'yar wahalar ce ke sa jiki ya gina nasa garkuwar.

Ɗan ƙwallo, Zango: Hajiya, ni na leda nake saye bakin Kasuwar Dole, mai ƙanƙara. Daɗi kam akwai, sai dai ƙishi ya dawo nan take.

Mai sayar da zoɓo, Garin Malam: Sukari ne, ɗana. In ban zuba da yawa ba, ku ne ba ku saye! Na gida ka jiƙa, ka sa citta kaɗan.

Malamar jinya: Kuma zoɓo na ɗan sauke hawan jini. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, gumi ya tsiyaye, ka fara da ruwa da abinci mai gishiri, kada jiri ya ɗebe ka ƙarfe na hannu.

Mai ɗaga ƙarfe: Na gode, Yaya. Mama, goben nan a ware mini kwalba ɗaya ba sukari, nawa ne?