Kwikwiyo ya addabe mu da fitsari ko'ina a gida, kuma ya ƙi yarda da igiya

Baban Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwon kare ku taimaka min da shawara. Mun tare a sabon gida wajen Rigachikun, unguwar bata gama cika ba, kangwaye sun fi gidajen da mutane ke ciki yawa, ga ɓarayin wayar wuta da na batirin sola sun hana kowa barci, shi ne wani abokina ya kawo min kwikwiyo daga Jos don gadi. Ruwa biyu ne, uban alsheshan, irin manyan karnukan nan na Turawa, uwar 'yar gida, yanzu satinsa tara.

Matsalar ita ce duk inda ya ga dama nan yake tsugunnawa, baranda, ƙofar kicin, gindin tankin ruwa, jiya har kan tabarmar da yara ke karatu, uwargida ta ce ko dai ita ko shi a gidan nan, kuma wallahi bata yi kama da mai wasa ba. Maigadi yana binsa da tsintsiya duk lokacin da ya yi amma ba abin da ya canza sai ma ya koma yana zagayawa bayan janareta ya yi a ɓoye. Na biyu kuma igiya, na sayo masa kwala da igiya, da na saka masa sai ya zauna daɓas ya kama ihu yana cizon igiyar, in na ja sai ya kwanta ina jansa a ƙasa. Wannan taurin kai ne ko dai an ba ni mara kyau ne? Ta ina zan fara?

Dogo_Kawo:
Wa alaikassalam. Malam sarƙa kawai zaka samo ka ɗaure shi a bayan gida, in ya yi kashi inda ba a so ka kama wuyansa ka dangwala hancinsa a ciki ka ɗan make shi, haka muka ga ana yi tun muna yara. Kare in ba ya tsoronka ba zai ji maganarka ba.

Maman Joy Rayfield:
Baban Khalil sannu da fama. Kafin komai dan Allah ka ce wa maigadin nan ya ajiye tsintsiya. Kai da bakinka ka faɗi sakamakon dukan, ya koma bayan janareta. Abin da ya koya shi ne yin kashi a gaban mutum haɗari ne, bai koyi cewa baranda ce ba a so ba, kuma wannan zai dawo ya cije ku domin ranar da ka kai shi inda kake so ya yi ka tsaya a kansa, ƙi zai yi sai ka juya baya. Malam Dogo ka yi haƙuri amma dangwala hanci ba ya koyar da komai, kare ba ya haɗa hukuncin yanzu da abin da ya yi minti goma da suka wuce.

Sati tara jariri ne fa. Yadda ba zaka daki ɗan wata takwas don ya ɓata wando ba haka shi ma, mararsa bata iya riƙewa. Lissafin da masu kiwo ke yi shi ne kusan awa ɗaya a kan kowane wata ɗaya na shekarunsa, wato naka da kyar ya riƙe awa biyu da rana, sai wajen wata huɗu zuwa shida ne riƙon ke zama sosai. To aikin naku ne ba nasa ba, ku riga shi.

Ka zaɓi waje guda ɗaya a gidan, can nesa da kicin da inda ake alwala, in akwai ƙasa ko yashi ya fi siminti domin karnuka sun fi son inda fitsari ke shanyewa, in duk gidan an yi intalok ne ka sa a zuba yashi baro ɗaya a lungu a kewaye da bulo. Nan zaka dinga kai shi da zarar ya tashi daga barci, da bayan ya ci abinci, da bayan ya sha ruwa da yawa, da tsakiyar wasa in ka ga ya tsaya cak. Bayan cin abinci yawanci cikin minti biyar zuwa rabin awa kashi ke zuwa. Da asuba kuwa kar ka jira ya tako da ƙafarsa, ɗaukarsa zaka yi ka kai shi, in ba haka ba a hanya zai sake. Ka tsaya shiru, ban da wasa ban da surutu, ka riƙe kalma ɗaya da zaka dinga faɗa lokacin da yake yi, ni "yi maza" nake cewa, yana gamawa a take a wurin ka yabe shi ka ba shi ɗan abu a baki. A take fa, ba sai kun dawo baranda ba, in ka bari kun dawo to ladan dawowa ka ba shi.

Alamarsa kuma bata ɓuya, zai sa hanci a ƙasa yana shinshina yana zagaye wuri ɗaya, wani lokaci ya bar wasa ya nufi lungu. Ka koya wa su Khalil su gane, yara sun fi mu saurin lura. In ka kama shi yana cikin yi a baranda tafi ɗaya ka yi ka ɗauke shi zuwa wurinsa, in kuma ka tarar ya riga ya gama to ka wanke kawai ka yi shiru.

Abinci ma kar a bar masa kwano cike yini guda. Sau uku ko huɗu a rana a lokaci sananne, bayan kamar kwata awa a ɗauke kwanon, in shigar abinci na da lokaci fitarsa ma zata yi lokaci. Ruwa dai kar a hana shi da zafin nan.

Sai wanki, wannan shi ne inda mutane da yawa ke faɗuwa. Ke uwargida kina ganin kin goge tayil ya yi fes amma hancinsa na jin warin, kuma warin ne ke ce masa nan ne banɗaki. A fara tsane fitsarin da tsumma, a wanke da omo da ruwa sosai, sannan a bi da ruwan binega a bari ya bushe. Tabarmar nan kuma a ɗauke ta daga inda yake kaiwa na ɗan lokaci.

Dr. Vet Samaru:
Maman Joy ta gama magana a kan fitsari, ni abin da ya tsaya min shi ne igiyar, Baban Khalil ina kake shirin kai shi da ita? In titi ne to dakata tukuna, ka tambayi abokin naka ko an yi masa allurar farko kuma ya ba ka katin. Akwai allurar haɗe ta DHLPP, rigakafin cututtuka da dama a allura ɗaya har da cutar parvo, ana fara ta daga sati shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai wajen sati goma sha shida. Babban abin tsoro a wannan shekarun shi ne parvo, amai da gudawa mai jini mai wani irin wari, tana iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayar cutar kuma tana zama a ƙasa wata da watanni inda kare mai ita ya yi kashi, ka ga unguwa mai kangwaye da karnukan yawo ba wurin kai ɗan sati tara ba ce. Alsheshan ma na cikin irin da take yi wa mugun kamu.

Allurar ciwon haukan kare kuma ana yinta in ya cika wata uku, a dinga sabuntawa duk shekara. Wannan ba don karen kaɗai ba, don 'ya'yanka da na maƙwabta ne, ciwon in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom na yin allurar a nan gida Najeriya, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a wurare da dama ana yin gangamin rigakafi. Ka je asibitin dabbobi su haɗa maka da maganin tsutsa, domin tsutsar ciki ma na sa kwikwiyo yawan zawo ya kasa riƙewa, a ga kamar rashin horo ne. Haka in ka ga yana ɗiga fitsari kaɗan kaɗan kowane minti yana yunƙuri, ko da jini, wannan ba maganar horo ba ce, ciwon mara ne a kawo shi.

Abin da zaka ba shi na lada kuma ban da tsire da kilishi da ragowar miya, albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare. Ku dafa hanta ko tsoka ba gishiri ba yaji a yanka ƙanana. Ƙashin kaza dafaffe ma a'a, tsagewa yake.

Abu Sumayya:
Ɗan uwa tunda gidan Musulmi ne bari na ɗan tsoma baki. Ajiye kare don gadi malamai da yawa sun halatta bisa ƙiyasi da na farauta da kiwo da gona da suka zo a hadisi. A mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne babu saɓani, kuma kwanon da ya sa baki a wanke sau bakwai. Don haka uwargida tana da gaskiya, ka ware masa ɓangarensa da kwanukansa, ya bar hawa baranda da inda ake shimfiɗa sallaya tun yanzu yana ƙarami. Amma dukan da maigadi ke yi da barinsa a sarƙa cikin rana ba ruwa, wannan ma abin tambaya ne gobe kiyama.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Dakta na kira abokin nawa ya ce allura ɗaya aka yi, gobe in sha Allah zan kai shi. Maman Joy to da dare fa? Ba zan iya kwana ina bin kare duk awa biyu ba ga aiki da safe. Sannan igiyar in ba titi zan kai shi ba sai in ajiye ta har ya girma?

Maman Joy Rayfield:
A'a kar ka ajiye, yanzu ne ma lokacinta, a tsakar gida zaku yi duk karatun, ranar da allurarsa ta cika aka fita titi ya riga ya iya. In ka bari sai ya yi wata shida, irin wannan ruwa biyun ƙarfi ne da su, shi zai dinga janka.

Ka fara da kwala ita kaɗai ba igiya, mara nauyi, yadda yatsunka biyu zasu shiga tsakaninta da wuyansa, ka dinga dubawa duk sati domin girma suke da sauri, na sha ganin kare da kwala ta nutse a wuya ta yi gyambo mai shi bai lura ba. Ka saka masa ita daidai lokacin cin abinci, zai ɗan yi susa ya manta. In ya saba sai ka maƙala igiyar ka sake ta, ya dinga janta a ƙasa yana yawo kana kallonsa, kar ka bar shi shi kaɗai da ita kar ta sarƙe a wani abu. Bayan nan ka ɗauki bakin igiyar amma kai ka bi shi, duk inda ya nufa ka je, igiyar a sake. Sai daga baya ka fara tsugunnawa kana kiransa da hanta a hannu, ya yi taku biyu zuwa gare ka ka ba shi, taku huɗu ka ba shi, a haka har ya dinga tafiya gefen ƙafarka. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, hankalinsu ba ya daɗewa a abu ɗaya.

Zaman daɓas ɗin da yake yi tsoro ne, kare in ya ji an ja wuyansa jikinsa da kansa ke turjewa baya, kana ƙara ja yana ƙara kafewa. Nan gaba kuma in ya waye abin zai juya, shi zai fara ja gaba, a nan sai ka tsaya cak kar ka ɗaga ƙafa har sai ya waiwayo igiya ta saki sannan ku ci gaba. Zaka ji kamar ba kwa zuwa ko'ina, mutanen layi ma zasu yi maka dariya, ka ƙyale su. Cizon igiya kuma haƙori ne ke masa ƙaiƙayi, ka ba shi wani abin taunawa daban, in ya ƙi bari ka sami siririyar igiyar ƙarfe mara nauyi na ɗan lokaci. Waccan sarƙar mai shaƙewa da ake sayarwa a bakin titi ba ta kwikwiyo ba ce.

Maganar dare kuma da sauƙi, in suna barci sun fi riƙewa. Ka sa kafinta ko mai walda ya yi masa keji daidai yadda zai miƙe tsaye ya juya ya kwanta, kar ya fi haka girma, kare ba ya son ɓata makwancinsa amma in ɗakin ya yi faɗi sai ya mai da kusurwa ɗaya masai. A ajiye a inuwa inda iska ke shiga. Abincin ƙarshe wajen magariba, ka fitar da shi kafin ka kwanta, sau ɗaya tsakar dare, sai asuba in ka tashi sallah. Na tsakar daren ma ai ga maigadi ido biyu, ka nuna masa wurin da kalmar da zai faɗa ka bar masa hanta a ɗan gwangwani, nan da 'yan makonni zaku daina buƙatar wannan fitar. Kukan daren farko farko kuwa kewar uwarsa ce, ka saka masa tsohuwar rigarka a ciki. Da rana dai kar a kulle shi yini guda a ce ana horo.

Dogo_Kawo:
To Hajiya duk wannan lallashin anya zai yi gadi kuwa? Kar a wayi gari ɓarawo ya shigo yana kaɗa masa jela.

Dr. Vet Samaru:
Zai yi Malam Dogo. Haushin gadi da kansa yake zuwa in ya fara balaga ya san nan gidansu ne, yawanci daga wata shida zuwa shekara. Wanda aka taso da duka da ɗauri shi ne ke zama matsoraci mai cizo ba gaira ba dalili, kuma mafi yawa yaron gida ko almajirin da ya shigo yake kamawa. Baban Khalil in an fara fita titi ka dinga yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ka kasa jurewa daƙiƙa biyar to tafin ƙafarsa ma zai ƙone. In kun dawo ka duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. Gobe in zaka je ka tafi da ɗan kashinsa na safe a leda su duba tsutsa, kuma a asibitin ka riƙe shi a hannu kar ka sauke shi ƙasa.