Ƙusar maƙera tana tsaga mini katako, ina kuskuren yake?

Kafintan Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina aikin kafinta, amma duk abin da na saba da shi ƙusar kanti ce da sukuru da gam: gado, kabad, kujerun falo. Yanzu wani aiki ya sha mini kai, shi ya sa na kawo shi gaban manya.

Kakata ta wajen uwa ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, aka ba mahaifiyata adakarta. Da na ɗauko ta don in gyara hinjin murfin sai na zauna ina ta kallonta. Babu gam, babu sukuru ko ɗaya, ƙusa ce kawai ta riƙe ta, kuma ba kusurwar da ke motsi. Hajiya, wato mahaifiyata, ta ce ita ma a ɗakin ta taso ta gan ta. Da ƙyar na zare ƙusa guda daga gindi: mai fuska huɗu ce, tana sirancewa tun daga wuya har baki, kanta kuwa ga sawun guduma nan a fili, ba irin kan ƙusar yanzu mai sumul ba.

Babbar 'yata za a kai ta ɗaki bayan Babbar Sallah, ina so in yi mata irin wannan da hannuna. Na kai wa wani maƙeri samfurin, ya ƙera mini guda 60 masu inci 2. Katakon maɗaci na saya, na goge shi ya dawo kashi uku cikin huɗu na inci. Ƙusar farko da na buga a bakin allon gaba, kafin ta kai rabi na ji ƙas, allon ya tsage kusan taƙi guda. Na sake a wani, haka. Allo uku ke nan na ɓata, kuma kun san kuɗin maɗaci yanzu. A murfi ma, da na zo lanƙwasa bakin ƙusar ta baya kamar yadda na gani a ta kaka, biyu suka karye a hannuna.

Katakon ne bai dace ba, ko ƙusar, ko ni ne ban iya bugu ba?

Baba Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakarka, ya sanya alheri a auren.

Hannunka lafiya lau, huda ce ba ka yi ba. Ƙusar kanti kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa, ramin da bakinta ya buɗe shi jikinta zai bi. Ta maƙera kuwa duk bugun da ka yi ƙara kauri take a cikin katakon, tana tura shi ta fuska huɗu. Aikinta ɗaya da ƙarfen da masu faskare ke kafawa a gungume. To ka kai wannan bakin allon maɗaci busasshe ba rami, me kake so ya yi?

Ga yadda maigidana ya koya mini. Allon sama, wanda kan ƙusar zai zauna a kai, ka huda shi fit da bakin dirila mai kauri kusan na wuyan ƙusar, yadda za ta shige ba sai ta yi kokawa da shi ba. Allon ƙasa shi ne mai riƙo, shi sai ka sa siririn baki, ka tsaya wajen kashi biyu cikin uku na zurfin da ƙusar za ta shiga, sauran ta haƙa da kanta. Rami biyu ke nan, faffaɗa a sama, matsattse a ƙasa. Kada ka tambaye ni lambar bakin dirila, domin ƙusar hannu ba biyu da suka zo daidai. Ɗauki guntayen allunan nan uku da suka tsage, ka haɗa su kamar kusurwar akwatin, ka yi ta gwaji. In ya tsage ƙara faɗin rami, in ƙusar ta shige ba nauyi rage. Inda ka ji tana shiga da ƙarfi amma katakon bai yi kuka ba, nan ne.

Sannan ka ja baya daga bakin allo. Da kauri irin naka, ƙusar dole ta faɗa tsakiyar allon gefe, wato ƙasa da rabin inci daga baki, wurin kuwa ba shi da ƙarfi. Je ka duba adakar kakarka da kyau. Ina kyautata zaton ko an bar allon gaba ya ɗan zarce, ko an kafa wani katako a kusurwa ta ciki wanda ƙusoshin suka shiga. Mu mukan bar allon da tsawo, mu buga, sannan mu yanke rarar da zarto. Kuma kada ka jera su a kan jijiya ɗaya ta katakon kusa da juna, ka riƙa ɗan karkata su, wannan ta kalli dama, ta gaba ta kalli hagu. In an yi haka ko an ja allon ba ya fita.

Maɗaci ba laifinsa, sai dai yana da taurin kai. Da obeche ne, katakon nan mai taushi, da wataƙila ka tsira ba huda, amma obeche ba katakon adakar amarya ba ne.

Jikan Maƙera:

Baba ya gama maganar katako, bari in taɓa ta ƙarfe, don a maƙera na tashi.

Malam, ƙusar da ta karye wajen lanƙwasa ba ta yi maka ƙarya ba. Ɗayan biyu ne: ko da ƙarfe mai tauri aka yi ta, irin sifirin ɗin mota da muke yin wuƙa da gatari da shi, ko kuma da ya gama ƙerawa ya tsoma ta a ruwa tana ja. Hannun maƙeri ya saba da tsomawa, don yawancin abin da ake kawo mana kaifi ake nema. Ƙusa ba ta son haka, so ake ta lanƙwashe kafin ta karye.

Sauran da ke hannunka ba asara ba ne. Zuba su a garwashi su yi ja, ka binne su cikin toka mai zafi, ka bar su su huce da kansu har safe. Ka ɗauki ɗaya ka kama da awartaki ka lanƙwasa, za ka ji bambanci. In za ka sake ba da aiki, ka ce da siririn rodi mai taushi za a yi, kuma ba tsomawa. Ka kuma roƙe shi ya ja jikin ya yi tsawo a hankali, kada ta yi ƙiba a wuya kamar karas. Waɗanda za ka lanƙwasa a murfi ya fi kyau bakinsu ya zama siriri sosai, su zarce kaurin katakon biyu da kamar rabin inci.

Wajen lanƙwasar, kakana ba ya kwantar da bakin haka kawai. Yakan fara murɗa ɗan tsinin ya zama ƙugiya, sannan a dafe kan ƙusar da wani ƙarfe mai nauyi ta ɗaya gefen, a kwantar da ita a gicciye da jijiyar katakon, tsinin ya koma ya nutse ciki. Tsofaffin ƙyauren zaure haka aka ɗinke su.

In kana son kan ya yi baƙi ya jima bai yi tsatsa ba, a shafa masa kakin zuma ko ɗan mai tun yana da zafi.

Mai Shagon Kujeru:

Ni dai gaskiya ban ga dalilin wahalar nan ba. Gam mai kyau da sukuru sun fi kowace ƙusa riƙo, kuma cikin yini ɗaya ka gama. In kan ƙusar ne ke burge ka, ɗaure akwatin da sukuru ka toshe ramin, sannan ka yanke ƙusoshin su zama gajeru ka kafa don ado. Kakanninmu ba su da sukuru mai araha ne shi ya sa suka yi da ƙusa.

Baba Tsohon Kafinta:

Mai Shago, a kusurwa maganarka tana da hanya, domin a nan allunan biyu tare suke kumbura tare suke motsewa. A murfi da gindi ne ban yarda ba.

Katako ba ya ƙara tsawo ko raguwa sai abin da ba a rasa ba, amma a faɗi yana numfashi. Da damina ya sha danshi ya buɗe, hunturu ya zo ya tsotse shi. Mu nan Arewa abin ya fi tsanani, ga shi yawancin katakon da ake kawo mana daga kudu bai gama bushewa ba ake sayar da shi. Murfi mai faɗin inci 18, ka manna masa katako biyu a gicciye ta ciki da gam, ka ƙara da sukuru. Hunturu ya zo, murfin yana son ya motse, na gicciyen sun ce ba inda za ka. Ƙarshenta ko ya tsage a tsakiya ko ya bankare. Na gyara teburan makaranta masu wannan ciwo ba adadi. Ƙusa mai taushi kuwa tana ɗan sunkuyawa ta bi katakon, damina ta dawo ta biyo shi, riƙon bai saki ba. Adakar nan ta ga hunturu fiye da ni da kai, ga ta nan ba ta tsage ba.

Ɗan Zariya a Ingila:

Sannunku da ƙoƙari. Ina aiki da masu gyaran tsofaffin gidaje a nan, kullum muna zare irin waɗannan daga daɓen katako. Akwai wata iri ta uku da ba a ambata ba, tsakanin ta maƙera da ta kanti, wato yankakkiyar ƙusa. Ba a ƙera ta ɗaya-ɗaya, inji ne ke datsa ta daga fallen ƙarfe. Saboda haka fuska biyu kawai ke sirancewa, sauran biyun kaurinsu ɗaya har ƙasa, bakinta kuma a dakushe yake, ba tsini.

Wannan dakushin shi ne amfaninta. Maimakon ta raba jijiyoyin katako gefe da gefe, sai ta karya su ta tura su ƙasa, su kuma su zame mata kamar ƙayar ƙugiya idan an zo zarewa. Amma tana da doka guda: faɗin da ke sirancewa dole ya bi tsawon jijiyar allon sama. Ka juya ta a gicciye, ta tsaga maka allo nan take. Ta maƙera mai fuska huɗu daidai ba ta da wannan zaɓin, ko ta ina ka juya ta tana turawa, shi ya sa hudar da Baba ya faɗa ta zama tilas. Sai dai, Malam, tunda maƙeri ne ke yi maka, kana iya cewa ya ɗan fyaɗa ta, ta fi faɗi ta gefe ɗaya, sai ka bi wannan dokar da ita.

A Amurka aka fara injinan yanka ta wajen 1790 da 'yan kai, Jacob Perkins ya yi rajistar nasa a 1795. Ita ta riƙe gine-gine kusan shekara 100, kafin ƙusar waya, wadda muke kira ta kanti, ta kore ta daga wajen 1890, don ta fi araha nesa ba kusa ba. Har yau kamfanin Tremont a jihar Massachusetts, wanda ya faro tun 1819, yana yin ta. In wani ya kawo maka daga waje ka tabbatar ba ta kankare ba ce, don ita an taurara ta, karyewa take wajen lanƙwasa.

Ta maƙera kuwa ta girme su duka. A Inchtuthil da ke Sikotland, a 1960, masu tono sun tarar da rami cike da ƙusa sama da 800,000 da sojan Rumawa suka binne da za su bar sansanin wajen shekara ta 87 miladiyya. Na waje sun yi tsatsa sun dunƙule, suka kare na ciki. Na riƙe guda a hannuna wurin wani abokin aiki, kuma da za a ajiye ta kusa da ta adakar kakarka, bisa yadda ka kwatanta, da wuya a ce ga ta wane.

Abu ɗaya ka kula: ƙarfe da maɗaci in danshi ya shiga tsakani sukan bar baƙin tabo kewaye da kan ƙusar. Kakin zuman da Jikan Maƙera ya ce yana ragewa, kuma a yi wa adakar ƙafa kada ta zauna a kan siminti.

Kafintan Ɗorayi:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma, Baba.

Daren jiya na koma wurin Hajiya da tocila na leƙa cikin adakar. Yadda kuka faɗa haka yake: kowace kusurwa akwai katako mai kaurin inci ɗaya da rabi a tsaye ta ciki, ƙusoshin cikinsa suka shiga, nesa da bakin allo. Shi ne ma ya zarce ƙasa ya zama ƙafa. Shekara da shekaru ina ganin akwatin nan ban taɓa lura ba.

Ƙusoshin sun kwana a toka. Da safe na lanƙwasa ɗaya har ta haɗe baki da wuya ba ta karye ba. Na yi gwajin rami a guntayen, a karo na huɗu na dace: milimita 5 a sama, 3 a ƙasa. Na buga guda 8 a jere, ba tsaga, kuma da na sa ƙafar guduma in zare ɗaya sai da na taka allon da ƙafa biyu.

Mai Shago, na gode, amma wannan ba zan sa mata sukuru ba. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin maƙerin da ta kaka a aljihu, ya yi mini 16 sirara masu inci 2 na murfi. Baba, saura tambaya ɗaya: allunan gindi in haɗa su ƙam, ko in bar ɗan tsakani tunda yanzu rani ne kuma damina na tafe?