Bin sawu ko bibiya: wace ta dace da aikin tabaran duniyar kwaikwayo?

Ƴan'uwa masu rubuta manhaja a nan Damagaram, tun makon jiya muke kai-komo a kan kalmar da ake kira "tracking" da Turanci, "suivi" da Faransanci, wato yadda tabaran da ake ɗaurawa a fuska don ganin duniyar da kwamfuta ta zana yake sanin inda kan mutum yake da inda ya fuskanta. Malam ya kawo "bin sawu", Allah ya ƙara masa ilimi, kuma kalma ce mai daɗi a baki, amma da izininsa ban gamsu da ita ba.

Makiyayin da raƙuminsa ya ɓace a hanyar Tanut yana duban abin da ƙafa ta bari a rairayi, domin sawu labarin wanda ya riga ya wuce ne. Manhajar tabarau kuwa ba ta da wannan sarari. Ma'aunan motsin da ke cikinsa suna iya aiko rahoto har sau 1,000 a daƙiƙa guda, ana sabunta hoto kamar sau 90, kuma masana na son jinkirin da ke tsakanin juyin kai da sauyin hoto ya kasa kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa. Na ga ƙanena ya gwada wani tsohon tabarau a zaurenmu na Birni: ya waiwaya, hoton ya biyo baya a makare, nan take jiri ya ɗebe shi har sai da ya dafa bango. Shi ya sa manhaja take hasashen inda kai zai kasance lokacin da hoton zai bayyana, sannan ta zana shi.

Saboda haka na tsaya a kan "bibiyar motsi", domin mai bibiya yana tare da abin da yake bi, ba ya rabuwa da shi. "Bin diddigi" ta fi kama da bincike, "sa ido" kuma tana ɗauke da zargi.

Abin da ake bibiya fuska 6 ne: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sai waiwaye, ɗaga kai da karkata shi. Idan na'urorin da aka kafa a ɗaki ne ke taimakawa, kamar na tabaran HTC Vive na 2016, mu ce "bibiya daga waje". Idan kyamarorin jikin tabaran ne, kamar guda 4 na Oculus Quest na 2019, mu ce "bibiya daga ciki". Kuskuren da ke taruwa a ma'aunan sannu a hankali, wanda kyamara ke gyarawa, "gocewa" ta ishe shi, hasashen nan kuma "shan gaba".

Malam, idan kun amince, da waɗannan zan fara fassara bayanin OpenXR ta 2019, ƙa'idar da ke tsara yadda manhaja ke magana da irin wannan tabarau, ga ɗalibanmu, inda manhaja ba ta tambayar matsayin kai sai ta faɗi lokacin da take nufi.