Dan Allah ta ina ake samun sikolashif na gaskiya a soshiyal midiya?

Sadiya_Gwammaja:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa watan jiya, Maikurobayoloji na karanta na fita da 2:1, ina son yin mastas amma gsky gida ba hali, babanmu ya yi ritaya ga ƙanne huɗu a bayana. Yanzu haka ina cikin guruf bakwai na WhatsApp da biyu na Telegram duk na sikolashif, kullum sai an turo linki sun fi ashirin, wannan Kanada wannan Turkiyya wannan Saudiyya, har wayata ta cika na rasa wanda zan kama. Shekaranjiya wani admin ya bi ni ta bayan fage ya ce in turo dubu 15 zai cike min fom ɗin Kanada wai yana da mutum a ciki. Ban tura ba tukuna. Waɗanda suka taɓa samu, ta ina kuka bi?

Dan_Kurna:
Ƙanwata kar ki tura ko sisi, wlh ni ganau ne. Haka aka yi min a 2022, shafi ne a Facebook da hoton jirgi da tutar Kanada, mabiya dubbai, ana ta kwamen ana godiya. Na biya dubu 25 na fom, bayan sati biyu aka turo min wata takarda mai tambari wai an ɗauke ni, har na kai wa mahaifiyata ta sa albarka ta yi ta kuka, sai kuma aka ce in kawo kuɗin biza. Da na ce a ba ni adireshin jami'ar in duba da kaina sai kawai na wayi gari an cire ni daga guruf ɗin, lambar ma ta daina shiga. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda na koma na faɗa wa tsohuwa cewa ƙarya ce. Kuma har yau hoton fasfo ɗina da satifiket suna hannunsu.
Duk linkin da aka turo ki kalli ƙarshen adireshin kafin ki saka komai. Na gwamnatin Najeriya .gov.ng ne, jami'o'in Ingila .ac.uk, na Amurka .edu. In kin ga ya kai ki wani shafi mai cike da talla ana cewa sai kin tura wa guruf biyar kafin fom ya buɗe, ki fita kawai.

Abu_Khalil:
Wslm. Ni a Facebook na fara jin labarin Türkiye Bursları, wato sikolashif ɗin Turkiyya, wani ɗan garinmu da ke karatu a can ne ya rubuta, to amma ba a Facebook na cike ba, kin gane bambancin ko? Soshiyal midiya sankira ce, ta faɗa miki an buɗe, sai ki tashi ki je shafin masu abin da kanki. Ta Turkiyya gwamnatinsu ce ke bayarwa, yawanci ana buɗewa 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu, fom ɗin kyauta ne kuma da waya ma ana cikewa in da haƙuri. Suna biyan kuɗin makaranta, wurin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus duk wata, sannan shekarar farko yaren Turkanci za ki koya kafin ki shiga karatun. Akwai sharaɗin shekaru fa, digirin farko ƙasa da 21, mastas ƙasa da 30, dakta ƙasa da 35.
Abin da ya fi yi min amfani shi ne na daina bin masu tattara linki na koma bin mutanen da suka samu. Ki shiga X ko LinkedIn ki rubuta sunan sikolashif ɗin, za ki ga 'yan Najeriya da yawa da suka ci suna bayanin yadda suka rubuta wasiƙar dalilin nema da irin tambayoyin da aka yi musu a intabiyu, a YouTube ma akwai masu buɗe fom ɗin suna nuna shafi bayan shafi. Amma dan Allah kar ki kwafi wasiƙar wani, masu dubawa sun karanta irinta sau ɗari. Ni sai a karo na biyu na samu, karon farko ko intabiyu ba a kira ni ba saboda na rubuta abin da kowa ke rubutawa, wai ina son taimakon ƙasata, ban faɗi ta yaya ba.

Anti_Hajara:
'Yata, ni malama ce a jami'a, bari in faɗa miki inda yaranmu suka fi faɗuwa, ba rashin linki ba ne, rashin shiri ne. Sai ana gobe za a rufe yaro ya kira ni ƙarfe goman dare yana son wasiƙar shaida, ni kuma rabona da shi shekara uku, me zan rubuta a kansa? Tun yanzu ki je makarantarku ki nemi tiranskirif don yana iya ɗaukar watanni, ki yi fasfo, ki karɓi takardar shaidar cewa da Turanci aka koyar da ke don wasu jami'o'in suna karɓarta maimakon jarrabawar Turanci ta IELTS, ki kuma je ki gaida malamai biyu da suka san ki, musamman wanda ya duba furojet ɗinki.
Sannan ki san wadda ta dace da ke. Chevening ta gwamnatin Birtaniya mastas ce ta shekara ɗaya amma sai kina da gogewar aiki ta awa 2,800, kusan shekara biyu ke nan, kuma sai kin dawo gida kin yi shekara biyu bayan kin gama, to wannan ki ajiye ta gaba. Commonwealth akwai wadda ake bi ta Federal Scholarship Board a ma'aikatar ilimi ta tarayya. PTDF, wato asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga fannonin man fetur da gas. Ki duba DAAD ta Jamus, da Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, da Stipendium Hungaricum ta Hangari wadda ake rufewa a tsakiyar Janairu. Suna da shafukansu na asali a soshiyal midiya, su za ki bi ki kunna sanarwa. NELFUND kuma bashin karatu ne na gwamnatin tarayya ba kyauta ba, na ga ana haɗa su a guruf.
Kafin lokacin kar ki zauna haka. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN sun saka littattafan kwasa-kwasansu a shafinsu kyauta, Khan Academy kyauta ce, darussan jami'ar MIT ta Amurka ma suna YouTube. Ki riƙa sauke bidiyon da datar dare ki kalla da rana.

Maman_Sani_Damagaram:
Mu a nan Nijar hukumar ANAB ce ke kula da burus, wato sikolashif, na gwamnati, amma ta Turkiyya da Abu_Khalil ya faɗa mu ma muna cikewa, shafi guda ne. 'Yan damfarar nan ma akwai su a nan, da Faransanci suke tasu.

Sadiya_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Dan_Kurna Allah ya mayar maka da mafi alheri, na toshe mutumin, guruf ɗin ma na fita daga shida na bar guda uku da suke saka linkin asali. Anti insha Allah ranar Litinin zan shiga makaranta maganar tiranskirif, zan biya in gaida malamin furojet ɗina ma. Yaya Abu_Khalil tambaya ɗaya, fasfo ɗina bai fito ba tukuna, zan iya fara cike ta Turkiyyan ko sai na jira?

Abu_Khalil:
Ki buɗe akawun ki fara, suna karɓar katin shaidar ɗan ƙasa wurin nema. Amma ki bi fasfon da gaske, kuma ki tabbatar sunanki da ranar haihuwa iri ɗaya ne a NIN da WAEC da satifiket ɗin digiri, in akwai saɓani ki gyara kafin Janairu.