Ina ake samun zaman masu son barin giya a Maradi?

Mai Shago Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ne, shekararsa 29, ya daɗe yana shan giya kullum, yanzu shi da bakinsa ya ce yana son ya bari. Na ji ana cewa akwai zaman da masu irin wannan lalura ke yi suna taimakon juna. Ta ina za mu fara nema? Babban tsoronsa kar maganar ta bazu cikin unguwa.

Majo Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi ikon dainawa. Amma kafin maganar zama, don Allah kar ku bari ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe zai fara karkarwar hannu, zufa, amai da rashin barci. Cikin kwana biyun farko ana iya samun jijjiga kamar ta farfaɗiya. Mafi haɗari shi ne kwana na 2 zuwa na 4: sambatu, gane-gane, zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri. Wannan yana kisa. Dalili kuwa, giya tana danne ƙwaƙwalwa ne, ƙwaƙwalwar ta saba turjewa, to ranar da aka janye giyar sai turjiyar ta yi yawa. Da yawa iyaye kan ɗauka iskoki ne, a ɓata kwana biyu ana hayaƙi.

Ku je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ya faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha da lokacin da ya yi shan ƙarshe, a ba ku takardar zuwa CHR, babban asibitin jihar Maradi. Can ake ba da diazepam, maganin kwantar da ƙwaƙwalwa da hana jijjiga, ana rage shi sannu a hankali, tare da bitamin B1. Kar ku sayi diazepam wurin masu tallar magani a tire. In yana haɗawa da tramol ya faɗa, domin tramol na ƙara jawo jijjiga. Kuna can ku tambayi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ko suna da wasu da suka bari da za su yarda a haɗa su da shi. Su ne suka san mutanen.

Malam Lakkol:
Abin da aka ba ka labari shi ne AA (Alcooliques anonymes da Faransanci), ƙungiyar masu son barin giya, wadda aka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka. Sharaɗin shiga ɗaya ne, son barin sha. Ba kuɗin rajista, ba a tambayar sunan uba. In yana jin Faransanci, ya rubuta Alcooliques anonymes a intanet, zai ga jerin zaman da ake yi ta Zoom, yawanci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yana iya rufe kyamara ya saurara kawai, hakan ma yana rage cin kuɗin intanet. Akwai zaman buɗe da ɗan'uwa zai iya shiga, akwai rufaffe na masu lalurar kaɗai. Ku lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa na gabanmu da awa ɗaya, sauran watannin lokacinmu ɗaya. Ya sa abin kunne, kar ya yi a tsakar gida.

Hajiya Ali Ɗan Sofo:
Malam, zaman ta waya yana da amfani, amma lokacin da ƙishin giya ke tasowa bayan magariba, wanda zai zo da babur ya ɗauke shi yake buƙata. A ƙa'idar AA mutum biyu ko uku ma sun isa su fara. A tsayar da rana ɗaya a sati da lokaci ɗaya, kar a riƙa canzawa, canje-canje ne ke kashe zama. A nemi ɗaki mai ƙofa nesa da mashaya, kar a yi a fada inda kowa ke wucewa yana leƙe. Kowa ya yi magana minti biyar kan kansa, ba katsewa, ba hoto, ba ɗaukar murya, ba rance tsakani. In za a buɗe guruf na WhatsApp, a sa masa sunan da ba zai tona asiri ba. Liman ko fasto yana iya ba da ɗaki da addu'a, amma kar zaman ya koma wa'azi. Sun san haramun ce, kuma wanda ake yi wa faɗa ba ya faɗin gaskiya.

Mai Shago Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. To in ya fara zuwa kuma ya sake sha fa?

Majo Ɗan Gulbi:
Yana faruwa sosai, musamman a watannin farko. Ya koma zaman satin nan ya faɗa, a duba abin da ya ja shi: kuɗi a aljihu ranar biya, tsoffin abokan sha, ko ɓacin rai a gida. In ya yi kwanaki a jere yana sha, sai an sake bi ta likita kafin ya yanke, domin karkarwa da jijjiga kan fi tsanani a karo na biyu da na uku.