Tarwaɗata na mutuwa, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni manomi ne, kuma tun mahaifinmu na raye muna da kududdufi a gefen gona da muke kama kifi in ruwa ya ja. Da aka raba gado wajen ya faɗo wa yayana, shi kuwa ba ya son a taɓa masa, har dattawa suka sa baki aka kasa. Shi ya sa na sayar da tumakina na gina tankin siminti, na zuba 'ya'yan tarwaɗa yadda aka koya mana a wajen bita. Yanzu kullum da safe sai na tsame matattu, ruwan na wari, wasu sun yi ƙato wasu kamar ba sa ci. Abincin buhu ya fi ƙarfina, na fara haɗa musu da dusa. Barci ya gagare ni wallahi.

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Malam, ruwa ne matsalarka, babu tantama. Dusa nutsewa take ta ruɓe a ƙasan tanki, ta haɗu da kashin kifin su zama wata guba da ake kira amoniya, ita ke kashe su. Dakatar da abinci, rage ruwan, ƙara sabo. Sannan ka ware manya da ƙanana, tarwaɗa na haɗiye 'yar'uwarta. Nawa ka zuba, kuma tankin mita nawa ne? Ka jiƙa simintin ka wanke kafin zubawa?

Wata 'yar'uwa: Masu bitar nan riba kawai suke lissafa maka. Ba mai cewa abinci kaɗai zai cinye fiye da rabin jarinka. Ni nawa sun girma lafiya, dillali ya zo ya karya farashi, don ya san in suka ƙara kwana ni zan ciyar da su. Har yau ban huce ba.

Wani memba: Ɗan'uwa, kada ka yawaita canjin ruwa, yana firgita su. Koma karfasa, ita ba ta ƙin dusa.

Tsohon hannu: Karfasa a tankin da ba injin sa wa ruwa iska? Haba. Tarwaɗa ko ba komai tana hawowa sama ta shaƙi iska. Karfasa in iskar ruwa ta yi ƙasa da asuba, gaba ɗaya za ka kwashe su. Malam, bi abin da na faɗa maka.

Mai tambaya: Na gode Alhaji, amma da janareta nake jawo ruwa, man da zan canja shi kullum daga ina? Dusar nan kuma kifin kududdufinmu ita suke ci, ba su taɓa mutuwa ba. Simintin ya bushe sarai kafin in zuba. Ni dai ina ganin irin da aka sayar min ne ba shi da kyau.

Tsohon hannu: Har yanzu ba ka faɗi nawa ka zuba ba.

Wata 'yar'uwa: Wa ya san mai sayen kifi ba tare da dillali ba?